Waya Ta Kai Labari Ƙetare, Wa Zai Kai Buhun?

Duk wanda ya shiga kasuwar Dawanau da kaka, ya biya ta ɓangaren riɗi da zoɓorodo, zai ga wani abu da babu shi shekara 20 da suka wuce. Dillali zai kwance bakin buhu, ya cusa hannun dama ya ɗebo riɗi, ya bar shi yana zuba a hankali ta tsakanin yatsunsa, hagunsa kuma tana riƙe da waya yana ɗaukar bidiyo. Zai hura abin da ya rage a tafinsa don a ga babu ƙura, ya baza shi don a ga babu tsakuwa, sannan ya tura ta WhatsApp ga wani a Legas, ko ga wakilin kamfanin da ke tara kaya domin Turkiyya, Japan ko Sin. Kafin ya gama ɗaure bakin buhun amsa ta iso da saƙon murya: nawa ne tan, kuma tirela nawa zai iya haɗawa zuwa Asabar.

A kan wannan ɗan aikin na minti biyu ne ake ja-in-ja. Wasu na cewa da shi ƙasar Hausa ta sake buɗe ƙofar fatauci da duniya, ƙofar da ta yi shekaru a rufe tun bayan da dalar gyaɗa ta ɓace. Wasu kuma na cewa hayaniya ce kawai ta ƙaru, amma wanda ke cin ribar kayan da ake fitarwa bai sauya ba, kuma manomin da ya shuka riɗin yana nan inda yake. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a ture ta da hannu ɗaya ba.

Masu cewa fasahar zamani alheri ce sukan fara da batun labari, kuma sun yi daidai da suka fara daga nan, domin a nan ne hujjarsu ta fi ƙarfi. Kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, ɗan kasuwar da ke son sanin farashin wake a Maigatari ko na albasa a Galmi hanya biyu gare shi: ya hau mota ya je, ko ya yarda da bakin direban da ya dawo daga can jiya. Zuwan kuɗi ne da yini guda ko biyu, bakin direba kuwa labarin jiya ne. Da yawa sun ɗora kaya sun kai kasuwar da ta riga ta cika, suka sayar a faɗe don kada su biya kuɗin motar komawa.

Wannan ba zance ne na zaure kawai ba, an auna shi, kuma a nan yankinmu aka auna. Wata masaniyar tattalin arziki 'yar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006, daidai lokacin da sabis ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta kwatanta kasuwannin da waya ta isa da waɗanda ba ta isa ba, ta samu cewa tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda sabis ya shiga, kuma raguwar ta fi yawa a kasuwannin da ke nesa da juna. Dalilin a fili yake: wanda ya ji gero ya yi tsada a can kuma yana arha a nan zai ɗora ya kai, da isarsa kuwa farashin can ya sauko. A jihar Kerala ta Indiya ma Robert Jensen ya ga irin wannan wajen masunta. Da suka fara buga waya daga cikin teku suna tambayar wace gaɓa ce ke da masu saye, zubar da kifin da bai saidu ba ya kau, ribarsu ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, farashin da mai ci ke biya kuma ya ragu.

Bayan labari sai kuɗi. Tsofaffin 'yan kasuwa ba su manta lokacin da ake cusa daman naira cikin buhun hatsi ko ƙarƙashin kujerar mota a kama hanyar kasuwar ƙauye ba, zuciya a hannu, domin ɗan fashi ma ya san ranar kasuwa. Yanzu ana cinikin miliyoyi ta tiransifa, mai kaya ya tsaya yana kallon wayarsa har alat ya shigo, sannan ya ce wa 'yan dako su fara lodi. Ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 ya wahalar da mutane ƙwarai, amma ya tilasta wa dubban waɗanda ba su taɓa buɗe asusu ba suka buɗe, kuma bayan wucewarsa ba su rufe ba. Mai POS ya zama wani ɓangare na kasuwa kamar mai awo.

Akwai kuma waɗanda a da ba su da ƙofar shiga sam. Matar aure da ke haɗa turaren wuta da humra a cikin gida a Kano ko Maiduguri, baduku mai ɗinka takalmi da jaka, mai kilishi, mai ɗinkin hula: waɗannan ba sa cika kwantena, ba su san hanyar tashar jiragen ruwa ta Apapa ba, amma da hoto a Instagram da lambar waya suna samun masu saye a Akra, Jidda, Landan da biranen Amurka, mafi yawa 'yan uwanmu mazauna can masu kewar gida. Kayan na tafiya ta kago ko a jakar matafiyi. A lissafin ƙasa wannan ba wani abu ba ne mai yawa, amma a gidan da ake biyan kuɗin makaranta da shi babba ne, kuma ban ga dalilin raina shi ba.

Har takardun gwamnati sun ɗan yi sauƙi. Rajistar mai fitar da kaya a hukumar NEPC ta intanet ake yi, takardar NXP da banki ke buɗe wa mai fitarwa ita ma ta koma kan kwamfuta. An fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta Afirka a Janairun 2021, shekara guda bayan haka aka ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na PAPSS a Akra, domin mai saye a Gana ya biya da sidi, mai sayarwa a Najeriya ya karɓi naira, ba sai an nemi dala ba. A takarda dai hanya ta buɗe.

To, ɗaya ɓangaren fa? Su ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tambayarsu ita ce: wa ya amfana, kuma da nawa?

Abin mamaki, hujjarsu mafi nauyi daga wannan binciken na Nijar ta fito. Aker ta koma kan bayanan tare da wani masani, Marcel Fafchamps, suka duba farashin da manomi yake karɓa, ba wanda mai saye yake biya a kasuwar gari ba. Suka ga tazarar farashin wake tsakanin wuri da wuri ta ragu da kashi 6 cikin 100, a gero da dawa kuwa babu wani sauyi. Mafi muhimmanci, ba su ga shaidar cewa kuɗin da ke shiga aljihun manomi ya ƙaru ba. Kasuwa ta gyaru, manomi bai motsa ba.

Wanda ya san ƙauye ba zai yi mamakin wannan ba. Manomin riɗi a Jigawa yana iya sanin farashin Dawanau na yau, har da na dala a kasuwar canji ta Wapa, duk a wayarsa. Amma ya ci bashin taki da damina, akwai bikin 'yarsa bayan girbi, ba shi da sito, kuma buhu shida gare shi, waɗanda kuɗin motar kai su Kano zai cinye bambancin farashin. Wani lokacin ma wanda ya ba shi bashin takin shi ne mai sayen, da sharaɗin a biya shi da amfanin gona. Sanin cewa kayan za su yi tsada da bazara bai amfane shi da komai ba, tunda ba zai iya jira har bazara ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Labarin farashi yana zama kuɗi ne a hannun wanda ke da jari da wurin ajiya, shi ya sa masu wannan ra'ayi ke cewa waya ta ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi. A da babban kamfani sai ya bi ta hannun dillalai hawa-hawa kafin ya kai ga ƙauye. Yanzu yana iya ajiye yaransa a kowace kasuwar mako, ya faɗa musu farashi da safe ta waya, ya tura musu kuɗi nan take. Ƙaramin ɗan kasuwa mai sayen buhu 50, wanda la'adarsa da ribarsa ke zagayawa cikin gari, shi ne ake matsewa.

Sannan ga abin da bidiyo ba ya nunawa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda an sha samun ragowar maganin ƙwari mai suna dichlorvos, wato irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya, fiye da kima. Waken nan a hoto tsaf yake, babu huji ko ɗaya, kuma rashin hujin nan shi ne alamar matsalar. Meksiko, wadda ita ce babbar mai sayen zoɓorodonmu, ta taɓa dakatar da karɓarsa na tsawon shekaru saboda ƙwaron ajiya da aka gani a cikin kaya, ba a koma ba sai da aka yarda da sharaɗin turara kayan da magani a ɗakuna na musamman kafin lodi. Gyaɗa da riɗi kullum suna fuskantar gwajin gubar fumfuna da ƙwayoyin cuta a tashoshin Turai da Japan. A 2023 kuma wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, yankin Kachiya da kewaye, ta halaka mafi yawan amfanin shekarar. Masu saye daga waje suna ta kira, layi a buɗe, citta ce babu. Duk waɗannan a gona da rumbu da sito ake cin nasararsu ko a faɗi, kuma wanda kwantenarsa ta dawo daga Turai ba saurin intanet ne zai mayar masa da jarinsa ba.

Hanya ma haka. Saƙo yana isa Istanbul cikin daƙiƙa, tirela kuwa sai ta ci kusan kilomita 1,000 daga Kano zuwa Legas, ta tsaya a shinge bayan shinge ana miƙa na goro, ta je ta shiga layin tashar jiragen ruwa. Hukumar tashoshin ta kawo tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto a 2021 don rage cunkoson Apapa, an kuma ga sauƙi, amma direbobi ba su daina koke-koken karɓar kuɗi a hanya ba. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, aka buɗe ta Dala a Kano a 2023, sai dai amfaninsu ya rataya ne a kan jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci. 'Yan albasar Nijar sun ga iyakar waya a 2023: bayan juyin mulkin watan Yuli da takunkumin ECOWAS, motocin albasa masu nufin Gana suka maƙale a iyakar Binin, mai kaya da mai jiran kaya suna magana kullum, albasa tana ruɓewa a rana. Kafin nan ma Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020.

Wani abin da ya fi damuna a cikin hujjojin wannan ɓangare shi ne raunin igiyar da muka rataya kasuwancinmu a kanta. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna. Makonni mutane suna hawa mota zuwa wata jiha don kawai su tura kuɗi ko su ji ko kaya sun isa. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wasu manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar yammacin Afirka, ayyukan bankuna suka samu tsaiko a ƙasashe da dama. Wanda ya daina yawo da tsabar kuɗi ya dogara da alat, ranar da babu sabis ba shi da kasuwa. Ga kuma 'yan damfara: alat na bogi, mai saye na ƙarya da ke neman a fara tura kuɗin rajista, mai sayarwa da ke tura bidiyon kayan wani. Wanda aka cuta sau ɗaya yakan koma ga tsohuwar hanya, kuma ba zan ce ya yi wauta ba.

Idan na ɗora su biyun a sikeli, ina ganin kowanne ya faɗi gaskiya a kan abu daban. Fitar da kaya ƙetare ayyuka ne guda huɗu a dunƙule: a san inda mai saye yake, a biya kuɗi, a kai kayan, a kuma amince da juna. Fasaha ta yi aiki babba a na farko da na biyu. Na uku ta ɗan taɓa shi ne kawai. Tarihinmu ma ya nuna haka, domin gyaɗa ba ta zama arzikin Kano ba sai da layin dogo ya iso a 1911 aka buɗe shi a 1912, sannan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a fataucin goro, suka baza yaransu ƙauyuka suna saye. Ƙarfen jirgi da sanin mutane ne suka haɗu. Wanda ke gaya wa matasa cewa waya da data sun isa su zama masu fitar da kaya, bai faɗa musu rabin zancen ba.

Amma ban yarda da masu cewa ba abin da ya sauya ba, kuma inda na fi saɓa musu shi ne kan na huɗun, wato amana. Sukan ce ba a gina amana ta waya. Gaskiya ne, sai dai Bahaushe ya daɗe yana ciniki da wanda bai taɓa gani ba. Fataken da ke zuwa Gwanja, da masu kai shanu kudu, duk sun dogara ne ga mai gida a zango, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Abner Cohen ya rubuta littafi guda a 1969 a kan yadda wannan tsari ke aiki a unguwar Sabo ta Ibadan, inda ake sayar da shanu bashi ba tare da takarda ba, sunan mai gida kawai ne jingina. Abin da nake gani a yau shi ne wannan tsarin bai mutu ba, ya hau waya ne. Ƙungiyoyin WhatsApp na 'yan kasuwa ba a shiga su sai wani ya tsaya maka, kuma wanda ya ci amana, kafin la'asar sunansa ya zagaya daga Kano zuwa Maraɗi. Dillalin da aka yi ta cewa fasaha za ta kashe shi, shi ne ya fi kowa iya amfani da ita, domin abin da yake sayarwa tun asali ba labarin farashi kaɗai ba ne. Yana sayar da tabbacin cewa abin da ke ƙasan buhu irin na samansa ne.

Inda wannan tsohuwar amana ta tsaya shi ne bakin teku. Mai saye a Osaka ko Hamburg bai san mai gidan kowa ba. Abin da yake karɓa shi ne shaida a rubuce: daga wace gona, wane magani aka fesa, yaushe, wane ɗakin gwaji ne ya duba. A nan ne nake ganin fasaha za ta iya yin aikin da ya fi wanda ta yi zuwa yanzu, kuma aiki ne marar armashi, ba irin wanda ake tara mutane a otal a yi wa biki ba. Ƙungiyar manoman riɗi 200 da ke da sito ɗaya, da sikeli mai gaskiya, da wani yaro mai waya da ke rubuta buhun kowa da ranar girbinsa da abin da aka zuba masa, tana da abin nuna wa banki don a ba ta bashin da zai sa ta jira bazara, tana kuma da abin nuna wa mai saye. Wayar ita ce mafi arha a cikin kayan nan. Siton da sikelin da ɗakin gwajin da ke kusa, maimakon a riƙa aika samfur Legas ko waje, su ne masu cin kuɗi, kuma su ne gwamnatocin jihohinmu suka fi jinkirin yi, alhali rabon wayoyi da taron horaswa na kwana biyu ba sa yi musu wuya.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ke neman duk mai shigar mata da koko, gahawa, waken soya, manja da wasu kayayyaki ya nuna ainihin wurin gonar a taswira, don a tabbatar ba a sare daji aka noma su ba. An ɗage fara aiki da ita, kuma riɗi da zoɓorodo ba sa cikin jerin, amma alƙiblar kasuwannin duniya ta bayyana. A yankunan koko na kudu da Gana, manyan kamfanoni tuni suka baza ma'aikata suna zagaye gonaki da waya suna ɗaukar iyakokinsu. Bayanin yana zama a kwamfutar kamfanin, kuma manomin da gonarsa ke cikin rajistar kamfani ɗaya kaɗai zai sha wuyar kai kayansa ga wani, ko da wancan ya fi biya. Ranar da irin wannan sharaɗi ya iso kan kayanmu, wani zai rubuta gonakin Jigawa da Yobe da Damagaram. Ina so ya zamana ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwar Dawanau ne suka riga kowa rubutawa, rajistar kuma tana hannunsu.